Zoben da Ya Koma Hannun Hagu

Rio de Janeiro, Satumba 1934

Jandira, farin watana, sanyin idona, ruwan randa ga wanda ya yini a rana, ke da nake gane tafiyarki tun daga ƙarshen titi ko da kin ba ni baya, ke da muryarki take sa in ajiye alli ko ina tsakiyar layi: ina gaishe ki gaisuwar mutumin da aka rufe wa taga. Ina fata kina lafiya, mahaifiyarki Dona Eufrásia ma suna lafiya, ko da yake na san in suka ji daga wa takardar nan ta fito, lafiyar za ta ɗan ragu.

Saƙonki ya iso. Gwaggonki Zulmira ce ta kawo shi maɗaba'a da ƙafarta, ta dire mini ɗan akwatin allura a kan teburin aiki, ta ce kin ce in riƙe kayana, tunda na ɗaura wa kaina aure a bangon gari amarya ba ta sani ba. Ta ƙara da nata, wanda na tabbata ba ke kika aiko ta da shi ba, wai dama tun farko ta faɗa, namijin da farcensa ba ya rabuwa da baƙi kada a tambayi yadda zuciyarsa take. Na buɗe akwatin na ga zobenki kwance cikin auduga. Na miƙa mata kujera, ta dubi kujerar ta dubi rigarta, ta ƙi zama.

Kin daina leƙowa taga, kin sake hanyar zuwa aiki. Na je gida, mahaifiyarki ta amsa mini ta bayan ƙofa cewa matar aure ba ta fita zance. To, takarda ce ta rage mini. Zan faɗa miki yadda abin ya faru dalla-dalla, yadda ma'aikaci yake bayanin aikinsa, don kin san ban iya waƙa ba.

Na san abin da kike tuhumata da shi. Hoton tallan rigar bazara na kantin Madam Clotilde, wanda aka manna a cikin kowane taragon lantarki da ke jigilar mutane a gari da bangon titin Ouvidor, ke ce a ciki, kowa ya gane ki, kuma ga zobe a hannunki na hagu. A garin nan ko makaho aka gaya wa ya san zobe a dama baiko ne, a hagu kuwa an riga an je coci. Kina ganin da gangan na yi, don magana ta fasu, mahaifiyarki ta rasa yadda za ta yi ta daina ja mana rana. Kina ganin na ɗauki mutuncinki na yi tarko da shi. Jandira, da haka ne, da gaskiyar gwaggonki ce a kan farcena.

Bari in fara daga Madam, don ba kya ɗakin ranar da ta kira ni ta tsara hoton. Kin san ta, ita da take cewa a Paris aka haife ta, amma in allura ta soke ta da harshen 'yan kifin Niterói take zagi. Matar nan duk abin da za a faɗa a kanta a faɗa, amma ta san talla. Babu abin da yake shiga hotonta a banza. Ta ce in sa jirgin ruwa can baya, ƙarami, yana hayaƙi, don mai kallo ta ɗauka rigar daga ƙetare ta zo, alhali ke da abokan aikinki kuka ɗinka ta a ɗakin baya, inda ko iska ba ta shiga. Ta ce in sa tsattsewa biyu a sama, alamar sabon yanayi ya shigo, kayan bara sun zama abin kunya. Ta ce in sa dogon karen nan siriri a gefenki, wanda ba ya gadi ba ya farauta sai ci, don a san gidan da kika fito ana ciyar da wanda ba ya aikin komai. Laima kuma a naɗe za ki rataya ta, kada a buɗe, domin macen da mota ke jiranta ba ta daɗewa a rana. Na ce mata ke tarago kike hawa, a tsaye ma. Ta ce ba ta tambaye ni ba.

Ta so in ja hancinki, in wanke fatarki, in share tawadar Allah da ke ƙarƙashin idonki na dama, don ki yi kama da matan mujallun da jirgi ke kawo mata. A nan muka ja. Na ƙara wa wuya tsawo, na rage wa takalmi girma, wannan ƙaryar sana'a ce kuma kowa yana yin ta. Amma fuska na ce in dai ni zan zana, a yadda Allah ya yi ta za ta fito, in ba haka ba ta nemi wani. Ta yi tsaki ta yarda. Shi ya sa aka gane ki, wannan kam ba na da-na-sani a kansa.

Sai ta kafa doka ta ƙarshe, da yatsa a ɗage: "Matar talla ba ta kowa ba ce. Budurwa ta gan ta ta ce ni ce, matar aure ta gan ta ta ce ni ce, namiji ya gan ta ya buɗe aljihu. Ba na son ganin zobe."

Kin tuna safiyar da kika tsaya mini a ɗakin sama, kusa da taga, an cika bayan rigar da fil don ta kama ƙugunki, kina tsoron jan numfashi? Madam ta ce ki cire zoben. Kika cire, kika maƙala shi da fil a cikin wuyan rigar, ta inda ba a gani, kika harare ni don kada in yi magana. Hasken safiya ya faɗo a kan hannunki, sai na ga shatin zoben a yatsanki, ɗan siririn layi mai haske inda rana ba ta taɓa ba. Wayyo Jandira! Ina zana malafa, idona yana kan layin nan. Ina zana kare, idona yana kan layin nan. Wane namiji ne zai ga gurbin alkawarinsa fayau haka zuciyarsa ta kwanta? Na tuna Lahadin da na sa miki shi a falon gidanku, zoben ya tsaya a gaɓa ya ƙi wucewa, kika ce a hankali in murza kada in tura. Yatsunki duk sukar allura, ban taɓa riƙe abin da ya fi su laushi a wurina ba. Mahaifiyarki tana zaune a ƙarƙashin hoton marigayi mahaifinki, ta ce ta ba ni, amma babu biki sai akwatin kayan ɗakinki ya cika, kowane zanen gado da aikin hannu a bakinsa. Na ce na ji na yarda. Har yau ban janye ba, ko da yake na lura akwatin nan kamar yana da rami a ƙasa.

Yanzu ga yadda aikinmu yake, don ban taɓa zaunar da ke na bayyana miki ba. Ba a takarda muke yin zanen da za a buga ba, a kan dutse ne, farin dutse mai santsi wanda sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi. Da alli mai maiƙo ake zanawa. In aka jiƙa dutsen aka bi shi da tawada, tawadar maiƙon kawai take kamawa, sannan a ɗora takarda a matse. Kowane launi da dutsensa: na baƙi shi ne uwa, shi ke ɗauke da layukan hoton duka, sai na shuɗi, na ja, na rawaya. Abin da kowane ɗan koyo yake sha wa ranƙwashi a kansa tun makon farko shi ne dutse juya abu yake yi. Abin da ka sa a dama, a hagu zai fito a takarda. Don haka komai a juye muke zana shi, har rubutu daga ƙarshe muke faro shi. Muna jingine zanen takarda gaban madubi, mu kalli madubin, mu bi abin da ya nuna. Tun ina da gashin baki uku nake wannan aiki, har ta kai in na ga sunan kanti a daidai sai in ji kamar shi ne a karkace.

Na bi madubi a komai. Tsagar gashinki, maɓallan rigar, hannun da ke rataye da laima, tawadar Allah, duk na juya su, duk sun fito daidai. Aka buga gwaji na baƙi aka kai wa Madam, ta sa hannu. Za ki ce to wannan ai shi ne shaidar da gangan na yi: komai daidai, zobe kaɗai ya kauce? Saurara, saura kaɗan.

Da gwajin ya dawo aka rataye shi a igiya. Gervásio, ƙaton nan da ke juya injin bugu, ya tsaya a gabansa ya yi fito, ya ce wannan in ya gan ta a tarago sai ya wuce tasharsu, kuma tunda hannunta wayam yake, a gaya masa ƙofar gidansu. Sauran suka fashe da dariya suna kallona, don sun san ko wace ce. Wani ya ce in yi haƙuri, daga mako mai zuwa duk mazan Rio ne abokan takarata, har da matuƙan jirgin ruwa. Na yi dariyar yaƙe. Da suka tafi cin abincin rana na zauna ni kaɗai da kwanon wakena, ban iya ci ba. Kishi ne, ba zan sa masa wani suna ba. Na tashi na je gaban dutsen baƙi. Ga ki a tsaye a kansa kina dubana, kamar yadda kika tsaya a falon gidanku. Madubi yana can a kife, zanen takarda babu zobe a cikinsa balle in bi. Na ɗauki alli, na kama hannunki na dama kamar yadda na kama shi ranar Lahadin nan, na ja layi biyu a yatsan. Na je dutsen rawaya na sa ɗigo a daidai wurin. Ko shan kofi ya fi shi ɗaukar lokaci.

Kin ga inda na faɗi? Duk sauran hoton na kalle shi a matsayin zane. A wannan wuri ɗaya na manta dutse ne a gabana, na ɗauka ke ce. Hannun da yake na dama a dutse, shi ne na hagu a takarda. So nake in gaya wa duniya an yi miki baiko, sai dutse ya ce an yi miki aure. Garin neman gira na rasa ido.

Da aka gama bugu na duba, na ga zobe ya fito yana ƙyalli, Madam ba ta nan, babu wanda ya lura, na ji daɗi kamar ɓarawon da ya tsallake katanga. Ban tambayi kaina wane hannu ne ba. Sai da safiyar Litinin a tarago, wata tsohuwa da kwandon ayaba a cinyarta ta zunguri ƙawarta ta nuna hoton, ta ce ki ga zamani, matar aure ce wannan mijinta ya bari aka manna ta kowane gardi yana kallo. Na ɗaga kai. Na ɗaga hannuna na gwada da naki. Jandira, ashe zoben a hagu yake. Na sauka ba a tashata ba, na bi titi ina duba bango ɗaya bayan ɗaya kamar zan sami wanda ya fito daban. Bugu ba ya haka. Kuskure ɗaya a dutse, a kowace takarda yake haihuwa.

Na ji abin da ya biyo baya, ba na raina shi. Na ji maƙwabciyarku Dona Filomena ta aiko da alewar gwaba, wai gudummawar bikin da ba a gayyace ta ba. Na ji Fada, limamin cocinku, ya tsayar da mahaifiyarki a ƙofar coci ya tambaye ta ko a wace majami'a aka yi, don shi bai ga sanarwa ba. Na ji a ɗakin ɗinki sun koma kiranki uwargida, suna tambayarki me kika dafa wa maigida. Na ji kuma abin da ya fi wannan muni, wanda ake faɗa a unguwarku ta Catumbi da murya ƙasa-ƙasa, cewa ba a gaggauta aure a ɓoye sai da dalili. Wannan shi ne ya hana ni barci. Ke da kike ƙin zama kusa da ni a jirgin ruwan tsibirin Paquetá sai gwaggonki tana tsakaninmu da jakarta! Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan ni na ja, ke ya doka. Ki yafe mini.

Madam ta zo maɗaba'a ta manta Faransancinta kaf, ta zage ni tun daga kakana har allin da ke hannuna. Maigidana Mestre Osório ya tsaya yana goge tabarau. Amma ki ji ikon Allah: ashe matan aure sun yi ta zuwa kanti suna tambayar rigar matar auren nan ta tarago. Yanzu Madam tana gaya wa kowa dabararta ce, wai haka ake yayi a Paris bana. Ita ta ci riba, ke kin sha surutu, ni na rasa ki. Wannan shi ne rabon da aka yi.

Bayan ta tafi, Mestre ya ja ni gaban dutsen, ya ce in nuna masa yadda shekaruna a sana'a suka tafi a banza. Na ce masa, da girmanku Mestre, ku tsaya a nan, ku ɗauka yarinyar da za ku aura ce, ku sa mata zoben baiko. Ya miƙa yatsa bai yi tunani ba, ya ɗora a daidai inda na sa. Sai ya zagi dutsen, ya zagi wanda ya ƙirƙiro madubi, ya ce in ɓace masa da gani.

Dutse ba zai rantse mini ba, na sani. Mai mugun nufi ma a nan zai sa layin. Amma gani ya kori ji. Ina so ki zo ki tsaya inda na tsaya, ki ga abin da na gani, sannan ki yanke hukunci. A kan dutsen nan zobenki yana hannun dama. Shi ne wuri ɗaya a duk garin Rio da kike yadda kike, budurwa mai baiko, mai jiran akwatinta ya cika. Ki zo da gwaggo Zulmira, zan shimfiɗa mata farar takarda a kujera. In mahaifiyarki za su yarda su taka, ni zan riƙe musu madubi da hannuna.

Sai dai lokaci ya ƙure. Dutse ba ya zaman banza a maɗaba'a. In an gama bugu, yashi da ruwa ake zuba masa, a ɗora wani dutsen a kai a yi ta murzawa har zanen ya ɓace, ya koma fari a yi sabon aiki. Naki an riga an yi masa miji: takardar naɗe sabulu za a zana a kansa. Mestre ya ce ya ɗaga mini ƙafa zuwa Asabar, daga nan ba ruwansa da soyayyar kowa. Gervásio ya ce zai taya ni gogewa, na ce in ya taɓa dutsen nan sai an raba mu. Na goge mata masu malafa ba iyaka, na goge jiragen ruwa da karnuka da sarauniyoyin turare, ban taɓa jin komai ba sai ciwon kafaɗa. Wannan tun yanzu in na tuna sai in ji yashin a haƙorana.

Ya ke inuwar da nake gudowa, ya ke ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, me zan yi da idanun nan in ba za su ƙara ganinki a taga ba? Wa zan zana? Duk macen da aka ba ni in zana tun da na san ki, da hannunki take fitowa, har Mestre ya gaji da yi mini magana. Shin layi biyu na alli za su rushe abin da muka gina Lahadi bayan Lahadi a gaban gwaggonki da jakarta? Ina sonki, Jandira. Ina sonki da sukar allurar da ke yatsunki, da harararki, da taurin kanki wanda yau ni yake ci.

Ga alkawarina, ba ƙari ba ragi. Ko kin karɓi zoben ko ba ki karɓa ba, ranar Lahadi zan je wurin Fada bayan an tashi daga coci, in faɗi abin da na yi a gaban duk wanda ke tsaye. Zan je ƙofar Dona Filomena in mayar mata da farantinta in yi mata bayani, ko da za ta yi mini dariya har jikokina. In kin mayar da shi hannun dama, zan jira akwatin nan ya cika, ko mahaifiyarki za su ce sai kin yi wa duk Catumbi zanen gado, ba za ki ƙara jin na tambayi saura nawa ba. Batun hannun hagu kuwa, ba zan yi miki ƙarya in ce ba na so ba. Ina so fiye da komai. Amma a coci nake so, da rana tsaka, mahaifiyarki a sahun gaba, ke ce kuma za ki miƙo hannun da kanki.

Nawa zoben yana nan. In ina aiki a zare nake rataye shi a wuya don kada ya karce dutse, da na wanke hannu sai in mayar da shi dama. Naki yana cikin audugarsa a aljihun rigata, ban fitar da shi daga akwatin allurar ba, don ƙamshin hannunki yana jiki.

Ƙofar maɗaba'a ta baya, wadda ke kallon shagon mai gyaran agogo, a buɗe za ta kasance ranar Asabar tun safe. In ba ki zo ba zan goge, aikina ne, ba ni da yadda zan yi. Zan fara da jirgin ruwa, sai tsattsewa, sai kare, sai laima, duk ƙaryar Madam ta tafi tukuna. Fuskarki zan bari kusa da ƙarshe. Hannun nan shi zan bari ƙarshen ƙarshe, kuma a hankali zan riƙa murzawa, kunnena yana ƙofa.

Naki a dutse da a takarda, a dama da a hagu, har ranar da za a naɗe hannuwan nan biyu a ƙirjina,

Belarmino